Tambaya da Amsa: Zan iya kai ɗiyata jami'ar coci ba tare da JAMB ba?

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni malamar firamare ce a Zuru, saura kaɗan in yi ritaya, maigidana ya rasu. Ɗiyata ta biyu tana son karatun nas, burinta jami'ar Bingham, amma makinta na JAMB bai kai ba kuma kuɗin ma ya fi ƙarfina. To wani ɗan'uwa a ikilisiyarmu ya ce akwai wata jami'ar Kirista a Kwatano ta jamhuriyar Benin mai reshe a nan Najeriya, ba ruwansu da JAMB, shekara 3 an gama, kuɗin bai kai rabin na Bingham ba, in kawo dubu 150 na fom da riƙe gurbi kafin ƙarshen wata. Har na karɓi kwasan adashina. Hankalina ya kasa kwanciya, bana barci. In ba shi ko in dakata? Kuma bashin NELFUND zai iya biya mata?

AMSA: Mama sannu da ƙoƙari, Allah ya ji ƙan maigida. Kar ki ba shi ko sisi. Ki adana kuɗin adashin nan tukuna ki karanta abin da zan faɗa.

Na NELFUND, wato asusun bashin karatu na gwamnatin tarayya, gajere ne. Bashin da aka fara bayarwa a 2024 na ɗaliban makarantun gwamnati ne, na tarayya da na jiha, jami'a mai zaman kanta ba ta ciki ko ta coci ce ko ta wane ce. Haka kuɗin TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, ma ba ya zuwa musu, shi ya sa kusan komai daga albashin malamai har man janareta a wuyan iyaye yake.

Yanzu ga abin da yake ci min tuwo a ƙwarya, don kusan kullum sai an zo min da shi ofis: wai tunda makarantar coci ce to dokarta daban, fasto ko dattijon ikilisiya ya sa baki an gama. Mama babu wannan zance. Bingham ta ECWA ce, an kafa ta 2005 a Karu jihar Nasarawa, asibitin koyarwarta na Jos wanda mutanenmu suka sani da Jankwano. Babcock ta 'yan Adventist ce tun 1999, Bowen da ke Iwo ta Baptist, Veritas a Bwari ta Katolika, Covenant a Ota ta Living Faith. Duk cikinsu babu wadda take ɗaukar ɗalibin digiri na farko ba ta hanyar JAMB ba, kuma tun 2017 kowane admishan sai ya bi ta CAPS, wato tsarin JAMB na ba da admishan a intanet, yarinya ta shiga da lambarta ta gani da idonta ta danna ta karɓa, sannan ta fitar da takardar admishan ta JAMB ɗin kanta. In su manyan da suke da bishop da sinod a bayansu suna bin layin nan, wace ce wannan da ta fi ƙarfin layi?

Kuma ki lura mataki uku ne, mutane suna cakuɗa su. NUC, hukumar kula da jami'o'in Najeriya, ta ba makarantar lasisi, wannan ɗaya. NUC ta amince da shi kwas ɗin kansa a wannan makarantar, wannan biyu, don jami'a tana iya zama halastacciya amma wani kwas nata bai samu amincewa ba. Na uku kuma a karatun nas shi ne hukumar NMCN mai kula da nas da ungozoma, ita ke ba kowace makaranta adadin ɗaliban da za ta ɗauka, ita ke yi wa ɗalibi rajista ta ba shi lamba, ita ke shirya jarabawar da ake samun lasisin aiki. Ba lasisi ba aiki, ko a asibitin Zuru ko na Sir Yahaya a Birnin Kebbi ba wanda zai ba ta allura ta riƙe. Digirin nas a jami'a shekara 5 ne. Wanda ya ce miki 3 ki tambaye shi a wane asibiti za su yi aikin koyo, ki ga yadda zai fara kame-kame.

Maganar Kwatano kuwa ai ba ɓoyayya ba ce. Ƙarshen 2023 ɗan jarida Umar Audu na Daily Nigerian ya fallasa yadda ya samo digiri daga can cikin sati 6 bai taka aji ba, har ya shiga bautar ƙasa da shi. Watan Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance takardun Benin da Togo, daga baya ma'aikatar ilimi ta ce jami'o'i 8 kacal ta sani a ƙasashen biyu. Shi kuma wancan reshe da ake cewa yana Najeriya, NUC ta daɗe da haramta irinsa, tana ma fitar da jerin sunayen jami'o'in bogi, da yawansu hawa ɗaya ne a saman shaguna da allo mai ɗauke da sunan wani waliyyi ko wani gari na Amurka.

Na zauna da wata yarinya da babanta, manomi ne daga wajen Danko, ya ciro satifiket daga cikin leda ya shimfiɗa min a tebur, takarda mai kauri da hatimi ruwan zinari da aya daga Littafin Misalai a ƙasa. Muka buga lambarta a jerin ɗaliban da JAMB ta sani, babu sunanta. Shanu biyu da dawar shekara uku suka tafi a takardar nan, yarinyar tana ta murza bakin ɗankwalinta ba ta ce uffan ba. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne wanda ya kai su ba baƙo ba ne, tare suke sujada duk Lahadi, shi ya sa uban ya ji kunyar neman rasit. Wataƙila shi ɗan'uwan naki ma yaudararsa aka yi, ban ce ɓarawo ba ne, amma yawancin masu kawo irin wannan labari akwai kasonsu a kan kowane kai, kuma wa'adin ƙarshen wata ɗin nan dabara ce don kar ki samu sararin tambaya. Ambaton sunan Yesu a bakin mai karɓar kuɗi ba ya maye gurbin takardar NUC, kuma ku iyaye a Zumuntar Mata ya kamata ku fara faɗin haka da ƙarfi, fastoci su ma su daina bari ana sanar da irin waɗannan makarantu a majami'a ba bincike, don amanar tumaki a hannunsu take.

Ita Bingham da ire-irenta suna da amfaninsu, ba zan rage musu ba. Babu yajin aikin ƙungiyar malaman jami'a ASUU irin na 2022 da ya cinye wata 8, aji bai cika cunkoso ba, ana sa ido kan yara, akwai sujada ta dole da dokar sutura da takardar izini kafin a fita. Wasu tsaurinsu ya fi haka, a Covenant ba a barin ɗalibi da waya, a Babcock kicin ba ya dafa nama. Amma kwasa-kwasan lafiya a can maganar miliyoyi ake yi duk shekara, ban da abinci da kayan aiki da motar Zuru zuwa Abuja, kuma kuɗin yana ƙaruwa kafin yaro ya gama. Ki lissafa shekara 5 gaba ɗaya, kar ki dogara da garatuti da ba ki san ranar fitarsa ba. Na ga yaran da aka hana shiga jarabawa a aji uku saboda bashi. In akwai rangwame ko sikolashif, ofishin kuɗi na makarantar ne zai faɗa miki a rubuce.

Da ni ne ke, sai yarinyar ta zauna ta sake JAMB, ki kashe kaɗan daga kuɗin adashin a lesin ɗin Biology da Chemistry da Physics. Ta sa Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato a zaɓinta, ta kuma nemi kwalejin nas ta jiha da ke Birnin Kebbi, a irin waɗannan ne ake maganar NELFUND. In makin ya yi kyau kuma dangi sun yi alkawarin da za su iya cikawa, sai a koma maganar Bingham. Shi kuma ɗan'uwan ki ce ya rubuto miki cikakken sunan makarantar, ki turo min in duba miki a jerin NUC.