Amsa ga mai tambaya kan kiɗan shoful

Ƙanena, ka ce wata biyu kana fama da shoful a gangar bature, da ka ƙara sauri sai ya miƙe ya koma kiɗan yau da kullum. Ni ma haka na sha, don haka bari in faɗa maka abin da ya fisshe ni.

Matsalar daga ƙirge take. Shoful ana raba kowane bugu gida uku ne, a buga na farko da na uku, a bar na tsakiya fayau. Ni da sunan garinmu na koya: Ka-tsi-na. Hannun dama ya sauka kan hai-hat (faranti biyu na ƙarfe da ke kife da juna) a "Ka" da "na", a "tsi" kuwa ka yi shiru. Faɗi da baki sau huɗu a jere, Ka-tsi-na, Ka-tsi-na, shi ne zagaye ɗaya. Gangar ƙafa a bugu na 1 da na 3, siniya (ƙaramar ganga mai wayoyi a ƙasanta) a na 2 da na 4. Idan bakinka ya daina faɗin "tsi" ɗin nan, to nan take "na" zai matso tsakiya, kiɗan ya miƙe. Abin da ke samunka ke nan.

Lokacin da nake koyo a wani ɗan situdiyo wajen Ƙofar Ƙaura, mai wurin ya sa mini metronom, na'urar ƙirga bugu, a 60 (bugu 60 a minti ɗaya) ya hana ni taɓa gangar ƙafa har mako guda. Haushi kamar in fashe. A gida kuwa matashin kai nake duka da sanduna, don maƙwabta sun riga sun kai ƙarata wurin Baba. Matashin ya yi mini rana, tunda ba ya maido da sanda, dole wuyan hannu ya yi aikin. Kada ka ƙara sauri sai ka yi minti biyar cur ba ka kauce ba, sannan ka ƙara 5 kawai.

Sai hannun dama ya zauna sannan ka shigo da bugun raɗa: hannun hagu ya ɗan taɓa siniya a "tsi" ɗin da ka bari, sanda ba ta tashi sama da faɗin yatsu biyu ba. A ji shi kamar ba a ji ba. Yawancin yaranmu nan suke ɓata shi, su dake shi da ƙarfi har ya danne komai.

Shoful ɗin Bernard Purdie, makaɗin Amurka da aka laƙaba wa salon sunansa, wanda siniya ke faɗuwa a bugu na 3 kaɗai, ajiye shi tukuna. Kowa shi yake ɗoki, amma ni sai da na shekara kafin ya daina yi mini kamar jaki ya yi tuntuɓe.

Ka ɗauki kanka a waya kana bugawa a 60, ka turo nan mu ji ko "tsi" ɗin yana nan.