Mata Nawa Suka Je Kabarin? Amsa Ga Wata Ɗaliba a Birnin Kebbi

Tambaya: Baba, ina gaisuwa da fatan kana lafiya kai da iyali. Ni Kirista ce 'yar Ribah, ina karatun aikin jinya a Birnin Kebbi. Abokiyar ɗakina Musulma ce, mutumiyar kirki, kwano ɗaya muke ci. Bayan Ista ta turo mini wani bidiyo ta WhatsApp, wani mai wa'azi yana jero saɓanin da ke cikin labarin tashin Yesu. Wai Yahaya ya ce mace ɗaya ta je kabarin, Matiyu ya ce biyu, Markus ya ce uku; wani ya ce mala'ika ɗaya, wani ya ce biyu; kuma wai daga Juma'a zuwa Lahadi kwana uku ba ya cika. Na buɗe Littafi Mai Tsarki don in ƙaryata shi, sai na tarar haka abin yake a rubuce. Na tambayi wani dattijon ikilisiyarmu, ya ce in daina kallon irin waɗannan abubuwa. Baba, kai ka koyar da tarihi. Labarin nan yana da tushe, ko gadonsa kawai muka yi?

Amsa: Ɗiyata, ina amsawa. Dattijon nan alheri yake nufi, amma abin da ido ya riga ya gani ba a ce masa ya manta. Ni ma Kirista ne, a nan Zuru aka yi mini baftisma, na kuma daɗe da alli a hannu kafin in ajiye aiki. Amsar malamin tarihi zan ba ki, in mun kai inda tarihi ya tsaya zan nuna miki wurin.

Mai wa'azin bai yi ƙarya a lissafinsa ba. Markus sura 16 ya ambaci Maryamu Magadaliya, da Maryamu uwar Yakubu, da Salomi, rana ta riga ta fito, suka tarar da saurayi ɗaya mai farar riga. Matiyu 28 mata biyu ya kawo, da girgizar ƙasa, da mala'ika zaune a kan dutsen da aka rufe bakin kabarin da shi, da masu gadin da babu wanda ya ambace su sai shi. Luka 24 ya ƙara Yuwana da waɗansu matan, masu tufafi masu walƙiya kuma biyu ne a wurinsa. Yahaya 20 Maryamu Magadaliya kaɗai ya kira da suna, ya ce da sauran duhu ta fita. Wanda ya ce miki duk bakinsu ɗaya, bai jera su ya karanta ba.

Sai dai saɓanin hawa-hawa ne. Batun yawan matan ba ya hana ni barci. In na ce miki hakimi ya zo mana ta'aziyya, kin san ba shi kaɗai ya tuƙo kansa ba. Duba aya ta 2 a wannan surar ta Yahaya: Maryamun da aka ce ita kaɗai ce, da ta koma wurin Bitrus cewa ta yi "ba mu san inda aka sa shi ba". Ita da wa ke nan?

Maganar kwana uku ta fi cizo a kunnen Bahaushe, domin mu dare muke ƙirgawa. Kwana a wurinmu shi ne inda ka kwanta gari ya waye. An binne shi Juma'a da yamma, an tarar da kabarin a buɗe Lahadi da asuba: kwana biyu ke nan da lissafinmu, ko an ƙi ko an so. Yahudawa kuwa ranaku suke ƙirgawa, guntun yini ma rana ce, kuma ranarsu daga faɗuwar rana take somawa, kamar yadda abokiyarki ke kiran daren Alhamis in ya yi "daren Juma'a". Guntun Juma'a, Asabar cikakkiya, farkon Lahadi, shi ya sa yawancin ayoyin ke cewa "a rana ta uku". A littafin Esta 4:16 an ce a yi azumi kwana uku dare da rana, a 5:1 kuma a rana ta uku ta shiga wurin sarki. Duk da haka Matiyu 12:40, inda aka kawo misalin Annabi Yunusa da yini uku da dare uku, in za a bi shi harafi da harafi dare ɗaya ya yi gibi. Nan marigayi Ahmed Deedat na Afirka ta Kudu ya riƙa dannawa a kaset-kaset ɗinsa da suka cika Arewa, har yau kuma daga rumbunsa masu bidiyon nan ke ɗiba. Ni na ɗauke shi salon magana irin na mutanen wancan zamani, amma ba zan ce wanda ya ƙirga bai iya ƙirga ba.

Akwai wani misali da ake yawan bayarwa a kan bagade: mutum huɗu sun ga haɗarin mota a hanyar Zuru zuwa Kontagora, kowa ya ba da labari ta fuskar da ya tsaya. Kada ki kai wa abokiyarki wannan, domin in ta yi karatu za ta kayar da ke. Yawancin masana sun tafi a kan cewa Markus aka fara rubutawa, wajen shekara ta 70, Matiyu da Luka suka biyo baya tsakanin 80 da 90 da littafin Markus a gabansu, Yahaya kuma wajen 90 zuwa 100. Kusan kashi 90 cikin 100 na abin da ke Markus yana cikin Matiyu, wani wurin kalma da kalma. Ashe ba mutum huɗu ne a kusurwa huɗu ba. Inda suka rabu, wani lokaci wata riwaya ce ta iso wa marubucin, wani lokaci kuma shi ne ya sake tsara labarin don darasin da yake son bayarwa.

Wanda ya fi ba ni wahala ma bidiyon bai kawo ba. A ina almajiran suka fara ganinsa? A Markus da Matiyu saƙon shi ne su tafi Galili, can za su gan shi, Matiyu kuma ya kai su kan wani dutse a Galili. A Luka komai a Urushalima da kewayenta ya faru, har aka ce musu kada su bar birnin. Tsakanin wuraren biyu ya haura kilomita 100, tafiyar kwanaki a ƙafa. Dubi yadda kalmar ta juya: a Markus 16:7 yana gaba da ku zuwa Galili, a Luka 24:6 ku tuna abin da ya faɗa muku tun yana Galili. Ana iya sulhunta su da kwana arba'in ɗin da Ayyukan Manzanni 1:3 ya ambata, Yahaya ma ya kawo duka wuraren biyu, amma mai karanta Luka 24 shi kaɗai zai zaci a yini ɗaya aka gama komai. Abin da na fahimta, Luka ya taƙaita ne ya tattara labarin a Urushalima, domin daga can littafinsa na biyu, wato Ayyukan Manzanni, zai tashi. Wanda aka koya wa cewa marubutan nan kamar magatakardan kotu suke, wannan zai girgiza shi. Ni ban ɗauke su haka ba.

Ki san wannan kuma tun kafin wani ya jefe ki da shi: ayoyi 9 zuwa 20 na ƙarshen Markus babu su a kwafi biyu mafiya tsufa na ƙarni na 4, wanda aka samo a Sina'i da wanda ke Batikan. A cikinsu littafin ya tsaya ne inda matan suka gudu a tsorace ba su gaya wa kowa ba. Ba asiri ba ne, juyi da yawa sun rubuta hakan a ƙasan shafi.

To ina tushen? Mafi tsufan shaida ba ta cikin bisharun huɗu. Tana cikin wasiƙar Bulus ta fari ga Korintiyawa, sura 15, wadda ya rubuta wajen shekara ta 54, alhali an gicciye Yesu a shekara ta 30 ko 33. Bulus ya ce abin da ya karɓa ne ya miƙa musu: ya mutu, an binne shi, an tashe shi a rana ta uku, ya bayyana ga Kefas, wato Bitrus, da almajirai sha biyun, da mutum fiye da 500 waɗanda yawancinsu ke raye a lokacin, da Yakubu, daga ƙarshe shi kansa. "Na karɓa, na miƙa", tambayi abokiyarki, za ta ce miki wannan harshen isnadi ne. A Galatiyawa 1:18 da 19 kuma ya ce shekara uku bayan tubansa ya je Urushalima ya yi kwana 15 wurin Kefas, ya ga Yakubu ɗan'uwan Yesu. Har Gerd Lüdemann, masanin Jamus da bai yarda an tashi ba, ya mayar da asalin wannan jerin zuwa 'yan shekarun farko bayan gicciyewar. Saboda haka zancen cewa labarin ya tsiro ne bayan ƙarnuka ba shi da ƙafa. Amma a faɗi gaskiya, jerin Bulus bai ambaci matan ba, bai kuma ce an tarar da kabari wayam ba, "an binne shi" kawai ya ce.

Gicciyewar ita kanta tana da shaidu daga waje. Tasitus, marubucin Rum da ya tsani Kiristoci, ya rubuta wajen shekara ta 116 cewa Bilatus ne ya kashe Almasihu a zamanin Sarki Tibariyas. Yosifus Bayahude, wajen 93, ya ba da labarin jifan Yakubu ɗan'uwan Yesu a shekara ta 62. Ɗaya wurin da ya yi maganar Yesu hannun Kiristocin baya ya taɓa shi, don haka a yi kaffa-kaffa da shi. A 1961 an tono dutse mai sunan Bilatus a Kaisariya. A 1968 kuma aka sami ƙashin diddigen wani da aka gicciye, da ƙusar a jiki, a wani kabarin dangi a Urushalima, abin da ya nuna akan bar dangi su binne wanda aka gicciye, ko da ba kullum ba.

Matan nan da ake ta ƙirgawa su ma hujja ce ta wata fuskar. Yosifus ya rubuta cewa ba a karɓar shaidar mata. Wani Bahelene mai suna Selsus, wajen shekara ta 178, ba'a ya yi cewa addinin ya dogara ne da maganar mace mai taɓin hankali. Mai ƙaga labari a wancan zamani da wuya ya zaɓi irin waɗannan shaidu. Ban ce wannan ya rufe magana ba, amma yana da nauyi. Magabata ma sun ga saɓanin tun da wuri. Wajen 170 wani Tatiyan ya narkar da bisharun huɗu ya mai da su littafi ɗaya sumul, aka daɗe ana karanta shi a ƙasar Sham, daga baya ikilisiya ta janye shi ta koma wa huɗun da gargadarsu.

A aji nakan ba yara misalin Kanta, Sarkin Kabi. Abin da marubutan Tumbutu suka ce, da abin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta, da abin da ake bayarwa a fadar Argungu, ba su zo daidai ba a kan asalinsa, amma ba wanda ya ce ba a yi Kanta ba. Sai dai misalin yana da iyaka. Ganuwar Surame, birnin Kanta, tana nan, ana iya zuwa a dafa ta, gina birni kuma abu ne da 'yan Adam suka saba yi. Tashin matacce ba haka yake ba. Aikin ɗan tarihi auna abin da ya fi yiwuwa ne, mu'ujiza kuwa sunanta ma ya nuna ta saɓa wa al'ada. Abin da kusan duk masana suka haɗu a kai shi ne an gicciye Yesu a zamanin Bilatus, kuma ba da jimawa ba almajiransa suka haƙiƙance sun gan shi da rai, har wasunsu suka sha wuya a kan haka. Bart Ehrman na Amurka, wanda ya bar addinin, ya yarda da wannan, ko da yake yana shakkar labarin binnewar. Lüdemann ya ce wahayin ido ne da baƙin ciki ya haifar. N.T. Wright na Ingila ya ce babu bayanin da ya ɗauke kayan duka sai tashin na gaskiya. Ni ina tare da Wright, amma takun ƙarshen nan da bangaskiya na yi shi, takardun tarihi sun rako ni ne zuwa bakin ƙofa.

Abokiyarki ma ba ƙirgar mala'iku ta sa ta ƙi ba. Suratun Nisa'i aya ta 157 ta ce ba su kashe shi ba, ba su gicciye shi ba, an kamanta musu ne. Ko da bisharun huɗu sun zo iri ɗaya harafi da harafi, tana nan a kan ayarta, domin wahayi ce a wurinta. Ɗan ƙanen mahaifiyata limami ne, mun fi shekara talatin muna wannan gardamar a zaure ɗaya, bai matsa ba ban matsa ba, shi ne kuma ya fara isowa asibiti ranar da aka yi mini aikin ido.

Ki samo takarda babba ki ja layi ki raba ta gida biyar, Markus 16, Matiyu 28, Luka 24, Yahaya 20 da 21, sai Korintiyawa ta fari 15. Ki rubuta wa ya je, da wane lokaci, me ya gani, a ina. Abin da ya zo a duka gidajen ki ja masa layi da jan biro, wanda ya zo a gida ɗaya tak ki sa masa alama. In abokiyarki tana so ku yi tare, ku yi. In kin zo gida hutun ƙarshen shekara, lokacin Uhola, ki biyo ta Zuru da takardar, ina so in ga abin da kika yi da masu gadin nan na Matiyu.