Kuɗin Adashi da Tsofaffin Kayan Ɗaki: Amsa ga Wata Hajiya daga Gwammaja

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni matar aure ce a Gwammaja. Ina sayar da zannuwan gado da labulaye a gida, ina saro su daga Kantin Kwari. Bara na ɗauko wani tsohon sif na mahaifiyata da aka jingine a zaure, ni da ƙanena muka goge shi, muka yi masa fenti, muka canza masa mariƙai. Duk wadda ta shigo ɗakina sai ta tambaye ni a ina na saya. Yanzu na ɗauki adashi, naira 800,000. Ina so in kama shago, in sayi injin feshi, in riƙa sayen tsofaffin gadaje da kujeru ina gyarawa ina sayarwa. Maigidana ya ce in nemi shawara tukuna. Shin akwai riba a ciki?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. A gaishe da maigida, ya yi miki gata da ya ce ki dakata.

Akwai riba, kuma akwai masu saye. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, aka kuma saki naira kasuwa ta yi mata farashi a watan Yunin shekarar, duk abin da ake haɗa kayan ɗaki da shi ya tashi: allon MDF na matsattsen garin katako, da yadin kujera, da soso, da hinji, da fenti. Uban da a da yake yi wa 'yarsa saitin Turkiyya ya dawo wajen kafintan unguwa, wanda kuwa yake zuwa wajen kafinta ya koma neman na hannu mai kyan gani. Matan da suka yi shekara goma da kujerun aurensu ma ba kowacce ce ke iya zubar da su ta sayi sababbi ba. Kasuwar tana nan. Abin da nake ja da ke a kansa shi ne ƙofar da kike son shiga ta cikinta.

Abu uku kika lissafa za ki yi da kuɗi ɗaya. Shago a Kano kuɗin shekara ake biya gaba ɗaya, ga la'adar dillali, ga ɗan gyaran da ba a rasa ba. Injin feshi ba ya aiki sai da wuta, ke kuma kin san halin wutar, ke nan sai janareta da mai. Kafin ki sayi gado na farko, rabin kuɗin ya tafi, bai haifi ko sisi ba. Sannan akwai tambayar da ban ga amsarta a wasiƙarki ba: ɗauka ta nawa kika yi a adashin? Idan kin kwashi ta farko-farko ce, to wannan dubu ɗari takwas ba taki ba ce duka, bashi ne da za ki ci gaba da zubawa kowane wata ko kowane mako, kuma uwar adashi ba ruwanta da cewa kujera ba ta sayu ba.

Shawarata ita ce ki fara da kayan mutane kafin ki fara sayen naki. Ki karɓi aikin gyara: mai kujera ta kawo kujerarta, ku yi tsada, ta ba da kafin alƙalami da zai isa sayen yadi da soso da fenti, ragowar ta biya ranar da za a kai mata. A wannan tsarin kuɗinki bai kwanta ba, ba kya neman mai saye, kuma kina koyon aikin da kuɗin aikin kansa. Sif ɗaya kika gyara, Hajiya. Ya yi kyau, na yarda, amma sif ɗaya bai isa ya nuna miki abin da zai faru ranar da kika buɗe kujera kika tarar katakon cikinta ya rube ba.

Kina da wani jari da ba ki lissafa ba, kuma a ganina ya fi kuɗin adashin. Ke mace ce, kina shiga har uwar ɗaka, inda aka rubuta wa kafinta "ba shiga". Matan da ke sayen labule a hannunki sun riga sun yarda da idonki. Ke ce za ki tsaya a tsakiyar falo ki ce wannan kujerar ƙashinta lafiya lau, yadi kawai take so, a sauke wannan labulen mai nauyi a sa mai haske, a mayar da madubin can kusa da taga, a canza ledar ƙasa. Kafinta gado yake sayarwa. Ke ɗakin gaba ɗaya za ki sabunta, zannuwanki da labulayenki su bi bayan aikin su shige. Mace da ba za ta iya fitar da kuɗin sabon saiti ba tana iya fitar da kashi ɗaya cikin uku nasa idan aka tabbatar mata ranar Sallah baƙi ba za su gane ɗakin ba. Ki nemi kafinta ɗaya mai gaskiya, da mai ɗinkin kujera ɗaya, da mai feshi ɗaya, ki riƙa biyansu a kan kowane aiki. Samun masu cika alkawari a cikinsu shi ne zai fi ba ki wahala, don haka ki gwada kowa da ƙaramin aiki tukuna, kuma kada ki biya kowa kuɗinsa duka kafin ya gama.

Idan kin yi wata uku ko huɗu a haka, hannu ya faɗa, sai ki fara saye kaɗan-kaɗan. A nan ne zan daɗe, domin ribar wannan sana'a ranar saye ake cinta ko a yi asararta. Fenti ba ya gyara mummunan saye.

Kada ki kalli fuskar kaya. Ki zagaya bayansa, ki sa a kifa shi, ki duba ƙasansa. Yawancin gadaje da sif-sif na 'yan shekarun nan da MDF aka yi su, wato garin katako da aka cuɗa da gam aka matse ya zama allo. Yana da kyau yana sabo, amma idan ruwan goge-goge ya taɓa gindinsa sai ya kumbura, kuma ba ya komawa. Haka idan aka kwance shi sau biyu ko uku, ramin noti ya buɗe, ba ya ƙara riƙewa, ga shi mutanen birni 'yan haya ne, yau Kurna gobe Hotoro. Irin wannan ko kyauta aka ba ki, ki lissafa kuɗin motar kafin ki ce kin gode. Wanda ake nema shi ne tsohon aiki na katakon gaske, maɗaci ko loko, wanda ƙarti biyu ke nishi kafin su ɗaga. Irinsa yana cika zaurukan cikin gari, an jingine shi don yayinsa ya wuce, alhali ƙarfinsa na nan. Tsofaffin gadajen ƙarfe ma kada ki raina su. A kankare tsatsa, a yi musu sabon fenti, ɗakin yara da ɗakin baƙi suna ɗaukarsu.

Ki ƙwanƙwasa katakon da bayan cokali. Idan ya yi ƙarar holoƙo, gara ta gama da cikinsa. Idan kika ga ƙananan ramuka da gari mai laushi yana zubowa, ƙwaro na ciki yana aiki. Ki zauna a kan kujerar ki girgiza, ki ji ko gaɓoɓinta sun saki. Abin da ya fi duka haɗari ga sunanki kuwa shi ne kuɗin cizo. Ki buɗa ɗinkin kujera da lungunan gado ki haska fitilar waya. Baƙaƙen ɗigo-ɗigo alamarsa ce. Kujera ɗaya ta kai shi ɗakin amarya, labarin zai riga ki isa gidan suna na gaba. Tsohon yadi da tsohon soso a yaye su a zubar, ƙashin a shanya shi a rana kwana da kwanaki, zafin Maris da Afrilu na Kano yana taimakawa ƙwarai, sannan a kira wanda ya san aikin feshin ƙwari. Kada ki kuskura ki zuba fiya-fiya a cikin gidan da yara ke kwana. Ta kashe mutane ba sau ɗaya ba.

Kafin ki taya kaya, ki fara daga ƙarshe: nawa za a saye shi bayan gyara? Ki zaga Kasuwar Rimi da wuraren masu kayan ɗaki ki ji farashin sabo irinsa, ki leƙa 'Yan Katako na Na'ibawa ko Rijiyar Lemo ki ji kuɗin allo, ki tambayi yadin kujera da soso. Ga misali, lambobin nawa ne na kwatance, ke za ki cike su da na ranar. A ce kin sayi saitin kujeru a 100,000. Yadi ya ci 70,000, soso da gam da ƙusa 45,000, mai ɗinki 40,000, a-kori-kura zuwa da dawowa da 'yan dako 20,000, dillaliyar da ta haɗa ku 5,000. Kin kashe 280,000. Kika sayar 340,000, riba 60,000. Idan a mako biyu ya fita, ciniki ya yi kyau. Idan sai da ya yi wata uku yana shan ƙura a zaure, ribarki dubu ashirin ce a wata, sai ki tambayi kanki sau nawa wannan dubu ɗari biyu da tamanin za ta juya da zannuwan gado kika saro da ita. Ban ma sa ladan wahalarki da ta ƙanenki a ciki ba, kuma ya kamata a sa. Ƙani yakan yi aikin kyauta sau biyu, na uku sai ki ji wayarsa a kashe.

Game da aikin hannu, kin riga kin ɗanɗana, don haka ba zan ja ba. Sanfefa mai kaushi lamba 80 ta cire tsohon fenti, 120 ta daidaita, 220 ta yi sumul, kullum ana bin tsawon jijiyar katako. A cike ramuka da foti, a share ƙura tas, a shafa fenti siriri-siriri sau biyu ko uku maimakon mai kauri sau ɗaya. Katako mai kyan jiki kamar maɗaci ma ban so a rufe shi da fenti ba, banish ya fi fito da shi. Yanayi kuma yana da hannu a aikin: ƙurar hunturu tana manne wa ɗanyen fenti, laimar watan Agusta tana hana shi bushewa da wuri har ta sa feshi ya yi hazo. Tina, wato ruwan sirka fenti, tana kama wuta da ɗan tartsatsi, kada a ajiye ta kusa da murhu ko risho. Wasu tsofaffin fenti suna da dalma a ciki, mai cutar da ƙwaƙwalwar yara, saboda haka a goge a waje da takunkumi a hanci, yara da masu juna biyu su yi nesa.

Da ni ne, dubu ɗari uku za ta koma cikin zannuwa da labule, domin su ne saniyar da ke ba da nonon yanzu, kuma su za su riƙa biyan zubi. Dubu ɗari ta tafi kan ƙananan kayan aiki da guntayen yadi na nuna wa masu zaɓe. Dubu ɗari biyu da hamsin ki ware don sayen kaya biyu ko uku, ki fara da ƙanana masu saurin fita kamar madubi da durowar gefen gado da teburin falo, kada ki sayi na huɗu sai ɗaya ya fita. Ragowar ɗari da hamsin ta zauna a asusu na daban, ba wanda kuɗin cefane ke fita daga ciki ba. Za ki buƙace ta a watan Rajab da Sha'aban, lokacin da ake rige-rigen ɗaura aure kafin azumi, da kuma goman ƙarshe ta azumi da kowa ke son ɗakinta ya canza. Shago da inji da rajistar suna a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, su jira sai littafinki na wata shida ya nuna zaure ya yi miki kaɗan.

Akwai wasu wurare da na ga mutanen kirki sun zame. Na farko, kwaɗayin cewa kaya sabo ne tun da ba mai ganewa. Ki faɗa wa mai saye gyararre ne, ki nuna mata abin da aka canza. Manzon Allah (SAW) ya ce wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu, kuma ko a kasuwance, uwar amaryar da ta gano daga baya ba za ta yi shiru ba. Idan ita ce ba ta so dangin miji su sani ranar jere, wannan sirrinta ne, ki riƙe mata. Sai batun mai kaya. Kayan ɗaki a al'adarmu na mace ne, iyayenta suka yi mata; idan namiji ya zo yana sauri zai sayar da gado da sif, ki nemi jin ta bakin matar. Kayan mamaci kuma ki tabbata an raba gado, an san rabon wa ya zama. Ki rubuta 'yar takarda, sunan mai sayarwa da lambar wayarsa da shaida ɗaya, don kada wata rana ki tsinci kanki kina bayani a gaban alƙali. Bashi kuwa, kada kaya su hau mota sai kuɗi ya cika. Kafin biki kowa yana ɗaga waya. Bayan an kai amarya sai ki ji ana cewa a yi haƙuri, hidima ta yi yawa.

Shi kuma sif ɗin mahaifiyarki, ko an taya shi da tsada kada ki sayar. Shi ne shagonki a yanzu, duk wadda ta zo zaɓen labule ta buɗe shi ta rufe da hannunta. Daga aiki na gaba ki riƙa ɗaukar hoto kafin a taɓa kaya da bayan an gama, a wuri ɗaya da haske ɗaya, ki sa a WhatsApp, amma ki nemi izinin mai ɗakin tukuna, domin ba kowace mace ce ke son a ga yadda kujerunta suke a da ba.