Amsa ga ƴar'uwar da aka bar wa aikin mutum biyu

Ƴar'uwa, kin ce ku huɗu ne a shagon maganin da kike aiki a Gombe, biyu sun tafi, maigida ya ƙi ɗaukar wasu, kina tambaya ko ki ajiye aikin. Kada ki yi gaggawa tukuna.

Na ɗanɗana irin wannan a wani ɗakin shan magani a Bauchi. Ni ke yanka kati, ni ke awon hawan jini, ni ke miƙa magani, Azahar sai ta haɗe da La'asar. Ranar da na kusa ba wata uwa maganin manya don jaririnta, jikina har rawa yake. Abin da ya fi ba ni tsoro a lamarinki ke nan.

Ki samu littafi ki riƙa rubuta lokacin zuwa da tashi na wata guda, sannan ki zauna da maigidan cikin ladabi ki nuna masa. Dokar ƙwadago ta ba ki hutun kwana ɗaya a mako, da aƙalla kwana 6 na hutun shekara da albashinki. Mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 kuwa bai hau kan wurin da ma'aikata ba su kai 25 ba, kada ki kafa hujja da shi. Ki nemi a ƙaro ko da mutum ɗaya na yamma.