Birane huɗu a kwana takwas: wace biza za mu nema, me kuma za mu gani?

Tambaya: Ni da maiɗakina muna shirin hutun kwana takwas a Turai cikin watan Mayu. Muna son ganin Faris, Burussel da Amstadam, in da hali mu tsallaka Landan. Wani ejan ya ce bizar Faransa wuya gare ta, mu bari ya nema mana ta Sifaniya, zai haɗa takardun otal na bogi, in ta fito sai mu tafi inda muke so tunda duk Shengen ce. Har na ba shi kafin alƙalami, amma hankalina bai kwanta ba. Haka ake yi? Kuma wane wuri ya cancanci a gani a ɗan wannan lokaci?

Amsa: Alhaji, dakatar da shi tun bai miƙa fasfo ɗinku ba. Gara kuɗin da ka ba shi su tafi da sunanku ya ɓaci.

Gaskiya ne bizar Shengen tana shigar da mutum ƙasashe 29 ba tare da neman wata ba. Da wannan rabin gaskiyar 'yan cuwa-cuwa suke cin abinci kullum. Ɗaya rabin da suke ɓoyewa shi ne ba kai ke zaɓen ofishin jakadancin da ka ga dama ba. Ƙa'ida ta ce a nema a ƙasar da ita ce ainihin wurin zuwa, wato inda za a fi yawan kwana. In kwanakin sun zo daidai, sai a nema a ƙasar da za a fara shiga. Ku da ba za ku taka Sifaniya ba, me ya kai ku ofishinta?

Ga inda asirin yake tonuwa. Ofishin jakadanci na iya tuntuɓar otal, ya tarar an soke ɗakin tun washegarin da aka buga takardar. Ko bizar ta fito, ka sauka a filin jirgin Charles de Gaulle na Faris, jami'in shige da fice ya ɗaga fasfo, ya ga bizar Sifaniya, ya ce ina tikitin Madrid, wane otal ne a can. Kai kuma tikitin komawarka daga Amstadam ne. Biza ba ta tilasta masa ya bar ka ka shiga. Yana da ikon soke ta nan take in ya gamsu da ƙarya aka same ta, a mayar da ku a jirgi na gaba. Ejan yana gida yana shan shayi. Kuma abin ba a wurin yake ƙarewa ba: hoton yatsunka, da bayanin hana ka ko soke maka biza, suna zama shekara 5 a rumbun bayanai guda da duk ofisoshin Shengen ke dubawa. Gobe in ka nemi ta Jamus don magani ko kasuwanci, da wannan tabon za su fara cin karo. Daga Oktoban 2025 ma an soma ɗaukar hoton fuska da na yatsu a bakin iyaka, shiga da fita, to zancen "ba wanda zai gane" ya zama tatsuniya.

Akwai wata jita-jitar da ke biye da wannan, wai dole ka fara sauka a ƙasar da ta ba ka biza. Ita ma ba haka ba ce. Kana iya shiga ta Holan da bizar Faransa, muddin Faransar ce za ta ci mafi yawan kwanakinka kuma kana da shaida a hannu.

Abin yi a fili yake. Dare 7 ne da ku: 4 a Faris, 1 a Burussel, 2 a Amstadam. Ke nan bizar Faransa za ku nema, ta shafin France-Visas. Kuɗinta Yuro 90 kowane mutum, ban da ladan cibiyar karɓar takardu. Inshorar lafiya kada ta gaza Yuro 30,000, fasfo ya rage aƙalla wata 3 bayan ranar fitowarku. Ana karɓar takardu tun wata 6 kafin tafiya, amsa takan ɗauki kwana 15, wani lokaci har 45. A kama otal na gaskiya, irin wanda ake iya sokewa kyauta in biza ba ta fito ba. Wannan halal ne, kuma ba ya buƙatar ejan.

Landan kuwa a cire ta. Ingila ba ta cikin Shengen, bizarta daban, kuma tun a tashar Gare du Nord ta Faris jami'anta ke duba fasfo kafin a hau jirgin ƙasa. Mai bizar shiga sau ɗaya in ya fita can, ba shi da damar dawowa.

A sayi tikitin jirgin sama mai sauka a Faris, mai tashi daga Amstadam, don kada a ɓata yini wajen komowa baya. Tsakanin biranen jirgin ƙasa na Eurostar ya fi: Faris zuwa Burussel kamar awa 1 da minti 25, Burussel zuwa Amstadam kusan awa 2. Kada arhar ƙananan jiragen sama ta ruɗe ku. Filin Beauvais da ake kira na Faris ya fi kilomita 80 daga gari.

A Faris, wuri biyu a yini ya isa. Hasumiyar Eiffel, mai tsayin mita 330, a sayi tikitinta a intanet da lokacin hawa. Gidan tarihin Louvre a rufe yake ranar Talata, fadar Versailles kuma ranar Litinin, mutane da yawa sun sha zuwa su tarar da ƙofa a garƙame. A Louvre kada a ce sai an ga komai. Awa 3 da sashen fasahar Musulunci da aka buɗe a 2012 sun wadatar. In Juma'a ta same ku, Babban Masallacin Faris, wanda aka buɗe a 1926, yana dab da lambun Jardin des Plantes, kuma akwai wurin shan shayin na'ana'a a jikinsa. Cocin Notre-Dame ya sake buɗewa a Disamban 2024 bayan gobarar 2019, shigarsa kyauta. Wanda cikinsa ya gaji da burodi ya nufi Château Rouge, can ne kasuwar 'yan Afirka, da kuɓewa da busasshen kifi. A matakalar cocin Sacré-Cœur hannu ya zauna a aljihu: akwai masu ɗaura wa baƙo zare a wuyan hannu sannan su nemi kuɗi, cikin jirgin ƙarƙashin ƙasa kuma 'yan sane.

Burussel dandalin Grand-Place ne da dare, sai Atomium, ƙaton gini mai dunƙulallen ƙwallayen ƙarfe na 1958, da safe kafin a wuce. Ya isa.

A Amstadam a ba gidan tarihin Rijksmuseum safiya guda, da yamma a hau kwalekwalen da ke zaga magudanun ruwan gari, kamar awa 1. Gidan tarihin Van Gogh ba ya sayar da tikiti a ƙofa, sai ta intanet. Jan layin da ke gefen titi na masu keke ne, kada Hajiya ta tsaya a kai ɗaukar hoto, ba sa taka burki. Ranar tafiya, jirgin ƙasa daga babbar tasha zuwa filin Schiphol bai wuce minti 20 ba.