Kafin ki zuba kuɗin adashinki a injin yankan kati

Wata baiwar Allah mai shagon littattafan rubutu da alƙaluma a kan titin Bauchi, nan Jos, ta aiko min da tambaya. Shekara guda ke nan tana yin katunan gaisuwa da hannu, masu zanen furanni. Takan ɗora sitansil, wato leda mai kauri da aka huda zane a jikinta, ta dangwala tawada, sannan ta buga hatimi na ganye ko na rubutu. Tana sayar da guda naira 700, kayan aikin kowane kati na cin kusan naira 300, kuma a wata mai albarka takan sayar da ashirin. Kwasar adashinta ta kusa, naira 300,000. Tana so ta haɗa da ɗan rance ta sayi injin yankan takarda irin Cricut. Ta ce, "Malam, in saya ko in dakata?"

Malama, ki dakata. Inji maganin wanda aiki ya yi wa yawa ne, ke kuwa masu saye ne suka yi miki kaɗan. Kati ashirin aikin kwana uku ne ga hannu ɗaya. Duba lissafin da kika aiko da kanki: naira 400 ke saura a kan kowane kati, sau ashirin 8,000 ke nan a wata. Da wannan tafiyar, sai kin haura shekara uku kafin ki mayar da kuɗin adashin kaɗai, ba a ma zo maganar rance ba. Ga shi injin yana son wuta da waya ko kwamfuta, rezarsa da tabarmar da ake manna takarda a kai suna ƙarewa, kuma daga waje ake kawo su, da farashin dala.

Naira 400 ɗin nan ma ba duka riba ba ce, don ba ki saka ladan hannunki ba. Kin ce kati ɗaya na ɗaukar ki minti arba'in. Ashe naira 600 kike biyan kanki a awa, in babu katin da ya lalace, alhali kowa ya san sai tawada ta zarme a wani. A nan ne gyaran farko yake, kuma ba ya cin ko kwabo. Ki daina yin kati ɗaya daga farko har ƙarshe. Yanke talatin a zama ɗaya, ki ninke su duka, ki bi su da launin farko, kafin ki kai na ƙarshe na farko ya bushe, sai ki dawo da launi na biyu. Kati mai girman A4, santimita 21 da 29.7, in kika raba shi biyu kika ninke kowane ɓari, zai ba ki katuna biyu masu 10.5 da 14.8, daidai ambulan ɗin C6, babu yanki ko ɗaya da za ki zubar. Ki nemi mai kaurin giram 250 zuwa 300. Takardar fotokwafi giram 80 ce, shi ya sa take lanƙwasa da zarar ta sha tawada.

Na taɓa zama kusa da wata mai wannan sana'a ina kallo. Ta dangwali tawada da ɗan guntun soso, maimakon ta kai shi kan kati sai ta yi ta bubbuga shi a kan tsohuwar jarida har na ɗauka ta ɓarnatar da tawadar duka. Sai da soson ya kusa bushewa ta koma kan sitansil, wanda ta riga ta kama gefensa da salatif, tana dannawa a tsaye, ba ta gogawa. Da ta ɗaga ledar, bakin kowane fure ya fito tsaf kamar an yanka da aska. Jiƙaƙƙen soso shi ke tura tawada ƙarƙashin leda. Ki kuma yi hankali da yanayin garinmu: a Yuli da Agusta laima na sa kati ya yi laushi, tawada mai kauri ta ƙi bushewa, in hunturu ya kama kuwa soson tawadar da aka bari a buɗe kan bushe ƙamas. Bokitin roba mai murfi ya ishe ki ajiya.

Sai babbar magana, wato kasuwa. Mu faɗa wa juna gaskiya, Bahaushe da ƙafa yake barka da sallah, in ya yi nisa ya kira waya, yanzu kuma hoto ɗaya a WhatsApp ya wadatar da dangi ɗari. In kika zauna jiran mai shigowa shago ya tambayi kati, za ki daɗe. Sa'arki ɗaya, a Jos kike. Maƙwabtanki na ba da kati a Kirsimeti da sabuwar shekara, iyaye da abokai na saya wa 'yan jarrabawar WAEC da NECO katin fatan nasara, ga Jami'ar Jos a kan titinku, ɗalibai na gamawa ana taya su murna. Waɗannan lokuta sanannu ne, sai ki fara aikin Disamba tun Oktoba.

Amma ni inda na fi hango miki kuɗi shi ne katin da ke bin kayan wani. Mai kek tana son ɗan kati a kan kwalinta. Mai turaren wuta da humra tana son abin da za ta rataya a wuyan kwalba. Masu shirya akwatunan lefe, da uwar amarya mai rabon kayan biki, duk suna son ƙaramin "mun gode" mai kyau. Waɗannan ba guda ɗaya suke saye ba, hamsin ne ko ɗari, zane iri ɗaya, wanda shi ne ainihin abin da sitansil da hatimi suka iya. Ƙaramin kati irin wannan, takwas ake fitarwa daga A4 ɗaya. Ki yi samfuri goma, ki saka a jaka, ki bi su shago-shago. Masu kek da turare da lefe na Abuja sun cika Instagram, kuma kati ba nauyi gare shi ba, direban tasha zai kai miki ɗaruruwa a ɗan kwali.

Sharaɗi ɗaya kada ki sassauta: rabin kuɗi kafin alƙalami. Katin da aka buga wa sunan amarya, in an fasa karɓa ba ki da wanda za ki sayar wa.

Zanen ma ki sa ya zama naki. Furen da ke kan sitansil ɗin kanti kowa na iya saye, wasu kamfanonin ma sukan sa ƙa'ida a kan sayar da abin da aka buga da hatiminsu. Ki samu mai lalle da hannunta ya faɗa, ki biya ta ta zana miki fure biyar irin na ƙunshin amare, ki kwafa a kan bangon fayil na roba ki huda da reza. Ki ƙara da furen zoɓo da dagin Arewa. Masu sassaƙa hatimin ofis za su yi miki "Barka da Sallah" da "Allah ya raya", da wani ƙarami mai sunan shagonki da lambar waya, ki riƙa bugawa a bayan kowane kati, domin wanda aka ba kyautar shi ne mai sayenki na gaba.

Game da adashin, kashi ɗaya cikin uku ya ishi wannan aiki: sarin kati da ambulan, tawada kala huɗu ko biyar, hatimai, da abin yanka takarda na hannu mai rula. Sauran ki mayar shago, Satumba na tafe kuma littattafan 'yan makaranta ne ke biyan hayarki. Ki ware wa kati littafinsa daban, kada kuɗinsa ya cakuɗe da na biro. Rajistar sunan kasuwanci a hukumar CAC za ta iya jira sai ranar da wani kamfani ko makaranta ya nemi rasit mai suna.

Maganar inji kuma, ki sake aiko min ranar da kika yi wata uku a jere kina mayar da aiki don hannunki ya kasa. Ki haɗo da littafin nan, mu duba tare.