Me Ya Sa Fuskokin Sojojin Fim ɗin Patton Suka Yi Sumul a Faifan Blu-ray?

Tambaya: Malam, ni ma'abocin tsofaffin fina-finan yaƙi ne, kuma kwanan nan wani ɗan'uwana ya kawo mini faifan Blu-ray na fim ɗin Patton daga Ingila. Da na saka shi sai na ga hoton ya fito tas, babu ɗige-ɗigen da na saba gani a tsofaffin fina-finai, amma fuskokin 'yan wasan sun yi sumul ta yadda ba su yi kama da na mutane ba. Shin talabijin ɗina ne ke da matsala, ko faifan ne jabu? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Malam, mai yiwuwa faifanka na gaske ne, kuma mai yiwuwa talabijin ɗinka lafiyarsa ƙalau. Abin da ka bayyana ya yi daidai da kukan da masu sharhin fina-finai suka yi a kan bugun farko na wannan faifai, wanda kamfanin 20th Century Fox ya fitar a 2008. Kafin a gane inda matsalar take, sai an koma ga yadda aka ɗauki fim ɗin tun asali.

Patton ya fito ne a 1970, Franklin J. Schaffner ya ba da umarni, George C. Scott kuma ya fito a matsayin George S. Patton, wani janar ɗin Amurka na Yaƙin Duniya na Biyu. Fim ɗin ya ci kyautar Oscar 7, ciki har da ta gwarzon ɗan wasa, wadda Scott ya ƙi karɓa. Abin da ya fi shafar tambayarka shi ne cewa mai ɗaukar hoto, Fred Koenekamp, ya ɗauke shi a kan zaren fim mai faɗin milimita 65, da tsarin da ake kira Dimension 150, alhali yawancin fina-finan wancan zamani a kan zare mai milimita 35 ake ɗaukar su. Filin da hoto ke zama a kan babban zaren ya kai kusan ninki uku na wanda ke kan ƙaramin, saboda haka yana riƙe ƙananan abubuwa da yawa: saƙar yadin kakin soja, zanen lambobin girma a ƙirji, ƙurar hamada, da tamojin goshin dattijo. Ke nan asalin fim ɗin yana ɗauke da bayanin hoto wanda ya zarce abin da faifan Blu-ray ke iya nunawa, domin shi faifan iyakarsa ɗigo 1920 a kwance da 1080 a tsaye.

Su kuwa ɗige-ɗigen da ka ce ba ka gani ba, ba datti ba ne, kuma ba alamar tsufa ba ce. Zaren fim ana shafe shi ne da ƙananan ƙwayoyin sinadarin azurfa waɗanda haske ke taɓawa idan an buɗe kyamara, kuma daga waɗannan ƙwayoyin hoton yake samuwa. A kowane daƙiƙa ana ɗaukar hoto 24, kuma zaman ƙwayoyin a kowane hoto daban yake da na wanda ya gabace shi, shi ya sa ido ke ganin su suna ɗan motsi kamar yayyafi. A zaren milimita 65 ƙwayoyin ba sa fitowa da girma idan an haska fim ɗin, tunda ba a buƙatar a faɗaɗa hoton sosai, amma duk da haka suna nan, kuma a tare suke da ainihin hoton.

A shekarun farko na Blu-ray wasu kamfanoni sun ɗauka cewa mutumin da ya sayi sabon talabijin mai tsada ba zai so ganin wannan yayyafi ba, don haka suka riƙa bi ta kan fina-finai da manhajar kwamfuta mai share shi. Akwai kuma dalili na biyu: hanyar matse bidiyo tana aiki ne ta adana bambancin da ke tsakanin hoto da mai bi masa, ƙwayoyin da ke sauya wuri a kowane hoto kuwa suna cin wuri mai yawa, don haka share su yana sauƙaƙa aikin matsewa. Matsalar ita ce manhajar ba ta iya bambance ƙwayar zare da ƙofar gumi a fatar mutum, ko da silin gashin gira, domin dukkansu a wurinta ƙananan ɗigo ne. Idan aka matsa mata lamba sai ta kwashe duka, kamar mai wankin da ya dage da cuɗar babbar riga har aikin allurar wuyanta ya goge. Bugun 2008 na Patton yana cikin misalan da aka fi ambata a wannan fanni, tare da bugun The Longest Day da ya fito a shekarar, kuma a ganina kukan da aka yi yana kan gaskiya, domin fim ɗin da aka kashe kuɗi aka ɗauka a kan zare mafi inganci a zamaninsa shi ne aka shafe wa abin da ya bambanta shi da saura.

A 2012 kamfanin ya sake fitar da fim ɗin bayan an sake shirya hoton, kuma a wannan bugu ƙwayoyin zaren sun dawo, fuskoki sun koma na mutane. Duba shekarar da aka rubuta da ƙananan haruffa a bayan kwalin faifanka. Idan ta gaza 2012, to ka san tsohon bugu ne ke hannunka, kuma babu wani saitin talabijin da zai dawo da abin da aka riga aka share. Wuri mafi dacewa da gwaji shi ne farkon fim ɗin, inda janar ke tsaye gaban ƙatuwar tutar Amurka yana yi wa sojoji jawabi, kyamara kuma tana matsowa kusa da zobensa da lambobinsa da idanunsa.

Idan kuwa ka tarar bugun 2012 ne, to laifin ya koma kan talabijin, domin yawancinsu suna zuwa daga kamfani da irin wannan manhajar a kunne. Shiga saitin hoto ka kashe abin da aka rubuta Noise Reduction, ka rage Sharpness zuwa ƙasa sosai, sannan ka kashe mai santsin motsi, wanda LG ke kira TruMotion, Samsung ke kira Auto Motion Plus ko Picture Clarity, Sony kuma Motionflow. Wannan na ƙarshe yana ƙirƙiro hotunan da ba a ɗauka ba ya cusa tsakanin 24 na asali, shi ya sa fagen yaƙi ke komawa tamkar shirin da aka ɗauka a ɗakin talabijin. Talabijin ɗin da ke da Filmmaker Mode yana kashe duk waɗannan da dannawa ɗaya.

Tambaya: Na ga baƙaƙen layuka a sama da ƙasan allo idan ina kallon tsofaffin fina-finan yaƙi. Ya kamata in faɗaɗa hoton ya cika allon? Daga wata mai karatu a Maraɗi.

Amsa: Malama, a bar shi yadda yake. Faɗin allon talabijin na yanzu ya ninka tsayinsa sau 1.78, na Patton kuwa sau 2.20, wasu fina-finan ma sun kai 2.35. Idan kika cika allon, ko dai a yanke gefe da gefe, inda tankokin yaƙi da jerin sojoji suke, ko kuma a miƙe mutane su yi tsawon da ba nasu ba.

Tambaya: An tura mini wannan fim a waya a shagon masu tura fina-finai, an ce mini daga Blu-ray aka kwafo shi, kuma girmansa megabait 700 ne. Ingancinsa ɗaya da na faifan? Daga wani mai karatu a Kumasi.

Amsa: Ko kusa, Malam, kuma lissafi kaɗai ya isa ya nuna hakan. Tsawon Patton minti 172 ne. Idan aka raba megabait 700 a kan wannan lokaci, abin da kowane daƙiƙa ke samu bai wuce rabin megabit da 'yan kai ba (megabait ɗaya megabit 8 ne), a ciki har da sauti. Faifan Blu-ray mai hawa biyu yana ɗaukar gigabait 50, kuma ƙa'idarsa ta yarda hoto shi kaɗai ya kai megabit 40 a daƙiƙa. Wanda ya matse fim ɗin zuwa wannan girma dole ya zubar da mafi yawan bayanin hoton, kuma abin da ke fara tafiya shi ne ƙwayoyin zare da ƙananan abubuwan da muka yi magana a kansu a sama. Za ka fi ganin ɓarnar a wurin hayaƙi da ƙura da fashewar bam, inda komai ke motsi lokaci guda, sai hoton ya farfashe zuwa ƙananan murabba'ai, haka kuma a sararin samaniya, inda launi ke fitowa hawa-hawa maimakon ya narke cikin juna.

A ƙaramin allon waya wannan ba ya damun ido sosai, amma da zarar ka jona shi da talabijin mai inci 50 komai zai fito fili. Rubutun 1080 ko Blu-ray a sunan fayil yana nuna yawan ɗigo ne ko inda aka kwafo shi, ba ya nuna yawan bayanin da ya rage a ciki. Idan za ka nemi faifan na asali, ka lura da yanki: Afirka da Turai suna yankin B, Amurka tana yankin A, kuma faifan da aka kulle wa yankin A ba zai yi aiki a na'urar yankin B ba.